Jigo da Zubin Wasa a Babin "Tirailleur" na Battlefield V

1.0 Gabatarwa

Battlefield V wasan kwamfuta ne na yaƙi wanda kamfanin DICE na ƙasar Suwidin ya tsara, kamfanin Electronic Arts kuma ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2018. Yana daga cikin wasannin harbi waɗanda mai wasa yake kallon fagen daga ta idon soja, wato ba ya ganin fuskar tauraron, sai hannuwansa da bakin bindigarsa. An gina wasan a kan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an kasa ɓangaren labarinsa babi-babi. Wannan takarda ta taƙaita ne a kan babin da ake kira "Tirailleur", domin a duba ko jigon labarin ya dace da abin da ake sa mai wasa ya aikata da hannunsa.

2.0 Tushen Labarin

Faransa ta kafa rundunar da ake kira tirailleurs sénégalais a 1857, zamanin gwamna Faidherbe. Sunan na Senegal ne, amma an ɗebi sojojin daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, har da Nijar. A ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Provence a kudancin Faransa, kuma 'yan Afirka suna da yawa a rundunar Faransa da ta sauka. Kafin ƙarshen shekarar sai aka janye baƙaƙen sojoji daga bakin daga, aka maye gurbinsu da Turawa.

A cikin babin, wani tsoho mai suna Deme Cisse ne yake ba da labarin ƙuruciyarsa. Ya iso Faransa cike da ɗokin yaƙi, ya haɗu da Idrissa, wanda ya girme shi kuma ya riga shi ganin wuta. Da farko aikin ƙarfi aka ba su. Daga baya aka tura su kan sansanonin Jamusawa masu wuyar ci. Sun ci nasara, Idrissa ya rasa ransa wajen tarwatsa wata tankar yaƙi, aka ɗauki hoton waɗanda suka tsira, sannan aka goge su daga hoton.

3.0 Jigo

Babban jigon babin shi ne butulci da mantuwa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hoton da aka goge dabara ce mai kyau, domin ta dunƙule dogon tarihi a abu guda da ido zai gani. Haka nan saɓanin halin taurarin biyu ya ƙarfafa labarin. Deme yana neman suna don a san da su, Idrissa kuwa yana son ya koma gida da ransa. Da labarin ya ƙare, Idrissa bai koma gida ba, Deme kuma bai sami sunan ba.

4.0 Zubin Wasa

A nan ne matsalar take. A farkon babin mai wasa yana kutsawa tare da 'yan'uwansa sojoji, ana faɗuwa dama da hagu, har ya ji cewa shi ɗaya ne daga cikin taro. Wannan ya dace da jigo. Amma da aka yi nisa sai wasan ya koma tsarin da aka saba. Deme yana shiga daji shi kaɗai, ya duba sansanin abokan gaba da madubin hangen nesa, ya yi wa kowane soja alama, ya lallaɓa ya kashe ƙararrawar neman ɗauki, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan harsashinsa ya ƙare sai ya ɗauki bindigar wanda ya kashe. Idan aka kashe shi, wasan yakan mayar da shi baya kaɗan ya sake gwadawa.

Sakamakon wannan tsari shi ne, labarin yana cewa an wulakanta runduna guda, hannun mai wasa kuwa yana koyon cewa gwarzo ɗaya ne ya yi aikin duka. Sauran sojojin Afirka sun zama 'yan rakiya marasa suna, wato wasan ya maimaita kaɗan daga laifin da yake zargin Faransa da shi. Bugu da ƙari, mutuwar Idrissa tana zuwa ne a hoton bidiyo wanda mai wasa ba shi da iko a kansa. Wanda ya mutu sau goma ya tashi a cikin awa guda, da wuya mutuwar wani ta girgiza shi yadda ya kamata.

5.0 Harshe

An yaba wa wasan saboda bai sa taurarinsa Ingilishi a baki ba. Da Faransanci suke magana, ana rubuta fassara a ƙasan allo. Sai dai ɗalibin harshe zai lura cewa yawancin waɗannan sojoji ƙauyawa ne da ba su yi makarantar boko ba. A bariki ana amfani da wani gurɓataccen Faransanci na soja, Bambaranci kuma ya yaɗu a tsakaninsu. Da an bar su suna zantawa da harsunan gida idan sun keɓe, da tazarar da ke tsakaninsu da hafsoshinsu ta fito fili ba tare da dogon bayani ba.

6.0 Kammalawa

Babin ya tsaya a kan hoto, tarihi kuwa ya wuce nan. A ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirailleurs da suke neman haƙƙinsu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, abin da Ousmane Sembène ya yi fim a kansa a 1988, kuma sai a 2024 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya kira shi kisan kiyashi. Duk da haka "Tirailleur" ya cancanci yabo, domin ya kai labarin mazan jiya na Afirka ga matasan da ba su taɓa jin sa a aji ba. Rauninsa shi ne, marubutan labarin sun yi sabon abu, masu tsara wasan kuwa sun zuba shi a tsohon mazubi. Mai nazarin irin waɗannan wasanni zai amfana idan ya riƙa auna abin da aka faɗa masa da abin da aka sa shi ya yi.