Numfashi Ma Shaida Ne

Tun zamanin da, masana ilmin ɗibbu sun san cewa numfashin ɗan Adam yana ɗauke da labarin cikinsa, har gogaggen likita yakan sunkuya kusa da bakin mai ciwon sukari, in ya ji ƙamshi irin na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce misali, ya tabbata al'amari ya tsananta. Sababin wannan ƙamshi wani sinadari ne mai suna asiton, wanda ke yawaita idan jiki ya kasa amfana da sukari ya koma ƙona kitse. Shi ne kuma ke ƙaruwa a numfashin mai azumi, da na manomin da ya wuni yana huɗa a fadamar Shinkafi bai sa komai a bakinsa ba.

A 1971 Linus Pauling na Amurka ya nuna cewa akwai sinadarai kimanin 250 a cikin numfashi. Daga nan masana suka duƙufa, har a 2017 wasu a Zurich ta Suwizalan suka ƙera na'urar da ake hura wa iska ta bayyana ko motsa jiki ya fara cin kitse, a birnin Basel na ƙasar kuma aka jarraba bin sawun maganin farfaɗiya a numfashin majinyata.

Abin da ke damuna shi ne alƙiblar da wannan hikima ta fuskanta, domin 'yan kasuwa sun karkata ta wajen mawadata masu neman rage teɓa, alhali kuwa masu tsananin bukatarta suna nan Kaura Namoda da Zurmi. Duk wanda ya taɓa ganin uwa ta danne ɗanta a cinya, ta kau da kai, ma'aikaciyar jinya tana lalube a siririn hannunsa tana neman jijiya, ya san darajar awon da ba ya bukatar allura. Ga kuma dattawa masu ciwon sukari da ke ƙin a soki yatsarsu da rana a watan Ramadan, duk da fatawar malamai da yawa cewa ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi. Shubuhar ta zauna a zuciya, hura iska kuwa babu mai shakka a kansa.

Haƙiƙa asiton ba ya faɗin adadin sukarin da ke cikin jini, saboda haka na'urar ba za ta maye gurbin awon jini ba. Amma a ƙasar da 'yan bindiga suka mai da tafiya Gusau kasada, abin da zai yi wa mai jinya gargaɗi tun yana gida ba ƙaramar rahama ba ce. Ina roƙon likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato su nemi waɗannan na'urori, su jarraba su a kan mutanenmu, cikin zafinmu da ƙurarmu, a kan cimarmu ta gero da dawa.