Ku Bar Marubuci Ya Yi Kukan Gidansu

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Yawancin littattafan barkwanci masu zane da ke shigowa hannuna kwanan nan, kowa a ciki da baki ɗaya yake magana. Uwa, ɗiya, ɗan acaɓa, mai gadi, duk lafazinsu na takardar faɗakarwa ne. Zane ya yi kyau, launi ya fito, amma ka duba ka duba, babu marubucin. Ka kai shafin ƙarshe ba ka san ko mace ce ko namiji ba, ba ka san me ke ba shi dariya ba, balle abin da ke ƙona masa rai.

Don Allah ku nemi Aya de Yopougon ku ga bambanci. Marguerite Abouet ce ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005. An haifi Abouet a Abidjan a 1971, ta koma Faransa tana da shekara 12, amma kunnenta bai bar unguwarsu ba. Labarin 'yan mata uku ne a unguwar Yopougon ta Abidjan a 1978: Aya mai burin zama likita, da Adjoua da Bintou da rawar dare ta ɗauke wa hankali. Adjoua ta yi ciki, aka maƙala wa Moussa, ɗan mai kuɗi, jariri ya zo bai ɗauko shi ko ta farce ba. Dariyar tana cikin yadda iyaye maza ke cika baki, yadda gulma ke riga mai ita isa gida, yadda ake jefa karin magana ana tsakar faɗa. Ta bar Faransancin titin Abidjan yadda yake, ba ta goge shi don Turawa ba. A ƙarshen littafin ma mutanen labarin ke koya maka miyar gyaɗa da lemon citta da ɗaurin zane. Kana karantawa kana jin wata 'yar Kodebuwa mai tsokana ce ke ba ka labarin maƙwabtanta, kuma tana son su. A 2006 littafin ya ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême.

Na yarda, faɗakarwa tana da muhallinta, kuma mai biyan kuɗin bugu yana da ta cewa. To amma Abouet ta taɓo cikin shege da cin amanar aure ba tare da ta hau mumbari ba.

Ku kuma matasanmu masu alƙalami, haba! A gida kun fi kowa iya ba'a, sai an ce ku rubuta ku koma jami'an wayar da kai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ku sa tsohuwa ta yi magana irin ta tsohuwa, ɗan tasha irin ta ɗan tasha, ku bari mu ji abin da ke ba ku dariya. In kun ɓoye muryarku, kyan zane ba zai sa in sake buɗe littafinku ba.