Shamuwa da «cigogne»: sharhi kan littattafan hotuna na tsuntsaye da itatuwa

1. Gabatarwa

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, aka soma koyar da yara cikin hausa a makarantun boko na Nijar. Dokar ilimi ta 1998 kuma ta ƙarfafa matsayin harsunan ƙasa. Cikin kayan aikin da wannan koyarwa ke bukata akwai littafin hotuna, wato wanda ake zana abu, a rubuta sunansa a ƙarƙashi. Fitaccen misalinsa cikin faransanci shi ne «Imagier du Père Castor» na 1952. Dabarar kanta mai kyau ce: ido ya gani, baki ya faɗi, hannu ya rubuta. Matsalar tana tasowa ne idan aka bar hoton Turai yadda yake, aka canza kalma kawai. Za mu gwada wannan hanya da abin da yaron Dawce, a yankin Matameye, yake gani kullum.

2. Sunan tsuntsu

Mu ɗauki shafin «cigogne». Mai fassara zai rubuta «shamuwa», tunda ƙamus ya ba shi dama. Amma tsuntsuwar da ke cikin hoton fara ce, mai baƙin fiffike da jan baki, tana kan sheƙarta bisa rufin gida. Masana suna kiranta «Ciconia ciconia». Shamuwa kuwa, «Ciconia abdimii», ba ta kai ta girma ba. Baƙa ce mai farin ciki, tana yin sheƙa bisa itatuwan cikin gari.

Bambancin bai tsaya ga launi ba. Shamuwa tana isowa ƙasar Hausa gab da faɗuwar ruwa, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta ci fara a gonaki, sa'an nan ta koma kudanci da gabashin Afirka idan damina ta wuce. Saboda haka ne manomi yake ɗaukar zuwanta alamar shirin shuka. Ta Turai kuwa can take haihuwa, sai da rani take saukowa Sahel. Ke nan lokutan zuwansu a juye suke. Kalmar «shamuwa» tana ɗauke da ma'anar lokaci. Wanda ya liƙa ta a kan farar tsuntsuwa ya raba ta da rabin ma'anarta.

3. Lokutan shekara

Haka abin yake ga itatuwa. Littafin faransanci yana kasa shekara huɗu, ya nuna ganye yana zuba a «automne». Idan aka fassara wannan da «kaka» saboda girbi, gawo zai ƙaryata shafin. Gawo, «Faidherbia albida», shi ne ya cika gonakin Matameye da Magarya da Mirya, inda manoma suka yi ta rainon sa tun shekarun 1980. Ganyensa yana zuba da damina, ya bar wa hatsi rana. Yana tohuwa bayan ɗaukewar ruwa, ya ba dabbobi inuwa da abinci da rani. Yaron da ya yi kiwo ya san wannan tun kafin ya riƙe alli.

Abin da ke cikin haɗari a nan ya wuce kalma ɗaya. Idan littafi ya saɓa wa abin da yaro ya gani, ɗayan biyu ne: ko ya raina sanin iyayensa, ko ya ɗauka cewa rubutun hausa bai shafi duniyar da yake ciki ba. Kowanne ya faru, an ɓata manufar koyarwa cikin harshen uwa.

4. Shawara

A ganinmu, a fara da suna, sa'an nan a nemi hoto. Hankaka, balbela, kurciya, hasbiya, shirwa, cilakowa, carki da jan baki mai cin gero sun isa littafi guda. Ƙamus na Bargery (1934) da jerin sunayen tsirrai na Dalziel (1916) sun tattara da yawa, sai dai akasari a Nijeriya aka yi aikin. Dole a sake tantance su a bakin manoma da makiyaya da maharba na Damagaram, domin lafazi yana bambanta, kamar «ungulu» da «angulu». A rubuta su bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, a sa jam'i da jinsi, tunda «hankaka» da «gauraka» maza ne duk da wasalin ƙarshensu.

Ba mu ce a kori tsuntsayen waje ba. Farar «cigogne» tana da wurinta, a shafin rani, kusa da shamuwa a shafin damina. A haka ne yaro zai koyi ƙaurar tsuntsaye, ya kuma gane cewa faransanci da hausa ba su yanka duniya a gaɓa ɗaya ba.