Jinjina ga Masu Ceto na Abuja

Duk damina, ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta Abuja sukan sa shinge su toshe 'yar hanyar da ke kwari a Galadimawa, inda ruwa ya sha cin mota da mai ita. Direbobi su yi ta gunaguni saboda zagaye, su ko ko a jikinsu.

Ranar da ambaliya ta shanye rukunin gidajen Trademore a Lugbe, a Yunin 2023, su ne suka kutsa cikin ruwan tare da jami'an hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da 'yan kwana-kwana, suna fito da mutane. Sannunku da aiki! Gwamnati ta ƙaro musu kwale-kwale da motocin asibiti, mu kuma mu riƙe lambar kiran gaggawa ta 112 a ka.