Masu karanta sawu a duwatsun Gashaka

Baƙo na iya yini cur yana yawo a Gandun Dajin Gashaka-Gumti bai ga komai ba sai ganye da duwatsu. Ɗan jagoran da ke gabansa kuwa, a wannan yinin, ya san inda ɓauna ta kwana da inda damisa ta sha ruwa, ya san ma ko akwai mafarauci a kusa. Wannan ilimi shi ake kira bin sawu, kuma a ganina babu abin da ya kai shi daraja a gandun nan.

Wurin ba ƙarami ba ne. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. A 1991 aka kafa shi, hedikwatarsa tana Serti. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar, mita 2,419.

Abin da ya sa aikin mai bin sawu ya fi wuya a nan shi ne, namun daji ba su kaɗai ke taka ƙasar ba. A kan tuddai irin su Chappal Hendu akwai Fulani makiyaya da aka bar musu wuraren zama a cikin gandun. Sama akwai sanyi da ciyawa, kuma shanu na tsira daga tsando mai kawo sammore. Idan rani ya yi, sai su gangaro kwari neman ruwa. To, sawun ɓauna da na saniya kusan ɗaya ne, haka kashinsu. Gwani kan duba faɗin kofato, don na ɓauna ya fi girma da zagaye. Daga nan sai ya waiwaya gefe: akwai sawun takalmi? Akwai inda sanda ta dafa ƙasa? Shanu na bin burtali da mutum a bayansu, ɓauna kuwa kutsawa take cikin duhuwa.

Sai kuma sanin lokaci, wanda nan ne gwaninta take. Sawun da bakinsa ke tsaye bai zube ba, na ɗazu ne. Wanda tururuwa suka ratsa, ko raɓa ta kwanta a cikinsa, ya kwana. Damisa ba ta barin alamar farce domin tana ɓoye shi idan tana tafiya, kura kuwa nata a fili yake. Kafin a matsa kusa da dabba, za ka ga jagora ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali, don ya ga inda iska ta nufa.

Birin cimpanzi, wanda mutanen yankin ke ce wa biri mai ganga, shi ne gwajin ƙarshe. Yana gudun mutum, ba kasafai ake ganinsa ba. Amma kowane dare yakan lanƙwasa rassa ya yi wa kansa shimfiɗa a kan bishiya, sai jagora ya ɗaga kai: idan ganyen ɗanye ne, jiya aka kwana a nan. A ƙasa kuma yakan tsinci tsinkayen da biran suka fere don zaƙulo zuma ko kwarkwasa. Masu binciken birai da suka zauna a Kwano, cikin gandun, tun daga 2000 da irin waɗannan mutane suka dogara, yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka koyi daji daga iyayensu tun suna ƙanana. Idon da ke gano shimfiɗar biri shi ne kuma ke gano wayar tarkon da aka ɗana a hanyar gada.

Idan Allah ya kai ka Serti, ka zaɓi rani, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da koguna ke ƙetaruwa. Ka bi bayan jagoranka, ka rage magana, ka tsaya idan ya tsaya. Ka tambaye shi abin da ya gani, sannan ka biya shi haƙƙinsa cikakke ba tare da ciniki ba.