Muryar Mai Laifi: Abin da Sabon Noir Ya Yar a Hanya

Masu sharhin finafinai sun daɗe suna nanata cewa finafinan noir, wato na laifi da duhu, na shekarun 1940 tsoro ne ya ɗaure su, wai sai da aka cire wa Holiwud takunkumi sannan sabon noir ya zo ya faɗi gaskiya tsirara. Ban yarda ba. Mai wannan magana ya ƙirga abin da aka hana tsofaffin daraktoci nunawa, ya manta da dabarar da hanin ya koya musu.

Tarihin gajere ne. Akan fara lissafi daga The Maltese Falcon na John Huston a 1941, a rufe da Touch of Evil na Orson Welles a 1958. Salon haske da inuwa daga Jamus ya zo, a hannun irin su Fritz Lang da Robert Siodmak, labaran kuma daga littattafan Dashiell Hammett da Raymond Chandler da James M. Cain. A kan finafinan duka akwai ƙa'idojin Hays, da aka tsananta tun 1934, waɗanda suka ce dole mai laifi ya girbi abin da ya shuka. A 1968 aka maye gurbinsu da tsarin shekarun mai kallo, ƙofa ta buɗe wa Chinatown a 1974 da Body Heat a 1981.

To, idan kowa ya san mai laifi ba zai sha ba, me ya rage a kalla? Amsar Billy Wilder a Double Indemnity na 1944 ita ce ya miƙa maka ƙarshen tun farko. Cikin dare Walter Neff, dillalin inshora, ya shigo ofis yana tangaɗi, da harbi a kafaɗa. Ya zauna, ya jawo na'urar ɗaukar magana, ya fara yi wa abokin aikinsa Keyes bayani: shi ya kashe wani mutum, don kuɗi da mace, kuma ko ɗaya bai samu ba. Sauran fim ɗin duk waiwaye ne. Lokaci zuwa lokaci kyamara kan dawo ofishin, ka ga tabon jinin da ke rigarsa ya ƙara faɗi.

Wannan muryar takan sa kowane hoto ya zama biyu. Sa'ad da Phyllis, macen da ya yi kisan dominta, take saukowa daga bene, kyamara na bin sarƙar da ke idon sawunta, Neff na cikin hoton yana haɗiyar yawu, Neff mai magana kuwa ya riga ya san inda sarƙar za ta kai shi. A wajen kisan, cikin mota, ba a nuna hannu ko wuya ba, fuskar Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin Phyllis, kawai aka tsare, tana kallon gaba. Da suka yar da gawar a kan layin dogo suka koma mota, sai ta ƙi tashi. A nan mai kallo kan kama kansa yana fatan ta tashi, alhali da kunnensa ya ji cewa masu kisa ne. Muryar ta jawo shi cikin laifin. A Sunset Boulevard na 1950 Wilder ya kai dabarar maƙura: gawar da ke yawo a kan ruwan wanka ita ke ba da labari.

Ɗauki Body Heat na Lawrence Kasdan, wanda ƙashin bayansa kusan ɗaya ne da na Wilder. An nuna duk abin da a da ake rufewa, amma babu murya. Jarumin fim ɗin, Ned Racine, yana tafe a makance, mu ma haka, sai a kurkuku ya gane an yi wasa da hankalinsa, matar kuwa tana can bakin teku da kuɗin. Mamaki ne, kuma mamaki sau ɗaya ake jin sa. Ko Blade Runner da ya fito da murya a 1982, an cire ta a sigar 1992, masu sharhi suka yi ta tafi.

Za a kawo mini Chinatown. Babban fim ne, babu ja. Sai dai jaruminsa Jake Gittes bincike yake yi, muna gano abu tare da shi, kuma ɓarnar tana wajen attajiri Noah Cross da masu sace ruwan Los Angeles. Gittes ya fita da baƙin ciki, amma da inda zai nuna yatsa. Neff ba shi da wannan gata, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Nan bambancin yake, ba a kala ko fari da baƙi ba. Jarumin sabon noir cewa yake an yi mini, na tsohon yana cewa ni na yi. Masu tace finafinai sun nemi hukunci ne kawai, daraktocin suka mai da shi iƙirari, kuma sauraron wanda ke tona asirin kansa ya fi sauraron wanda aka cuta wuya. Saboda haka duk wanda ya ce sabon noir ya fi tsohon jarumta, sai ya fara nuna mana jaruminsa guda da ya zauna ya ɗora wa kansa laifi tun daga mintin farko.