Sunan da kaka ba ta iya faɗi

Ƴan uwa ɗalibai, ku kasa kunne ga sunayen da ake raɗawa a Tajaye, Malbaza da Konni cikin ƴan shekarun nan: Afnan, Ilham, Nihal, Ayman, Minal. Ni ba ni da rigima da Larabci, don sunayen iyayenmu ma daga can sunka zo. Rigimata da dalilin zaɓen take.

Sunayen da, Hausa ta tauna su kafin ta haɗiye. Khadija ta koma Hadiza da Dije, Ibrahim ya koma Iro, A'isha ta koma A'i da Shatu. Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta Illela, ya mulki Nijar daga 2011 zuwa 2021 da Yusufun da bakin Adarawa ya gyara, ba wanda ya ce sunan ya yi mai ƙauyanci. Yau kuwa abin da ake nema shi ne sunan da bai shiga bakin ƙauye. A harshenmu na nan ba mu da "f" irin ta Larabawa, tafi ma "tahi" muke cewa, kuma sunayenmu sun fi son ƙarewa da wasali. To ka ba tsohuwa Afnan, mi kake so ta yi da shi? Za ta ce Ahananu, ƴan boko su yi dariya, uban yarinya ya ji daɗi a ransa. Dariyar nan ita ce anka yanka rago dominta.

Ma'ana fa? Afnan kalma ce ta cikin Suratur Rahman, rassan itace take nufi. Ba laifi ba ne, amma tambayi mai ɗiyar ka ji. Minal kuwa, in ba gajarta Amina anka yi ba, a Larabci "daga" ce haɗe da harafin da ke fayyace suna, ko kalma guda ba ta cika ba. An ji ta cikin karatu ko cikin fim ɗin Kano, ta yi zaƙi, shi ke nan. Ɗan ci-rani ya turo ta WhatsApp daga Abijan ko Libiya, liman ya raɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen da muke jin kunyarsu. Nomau an haife shi lokacin noma. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye. Shekarau ya daɗe a ciki. Ajuji kuwa uwarsa ta sha binne ƴaƴa, sai anka yi kamar ba a son shi don ya tsaya. Kowane ɗaya labarin gida ne cikin gaɓa biyu ko uku. Na san ba su ne sunan yanka ba, laƙabi ne, amma ai su ma yanzu an kore su, Mimi da Bebi sun zauna wurinsu.

Sannan ga takarda. Sakataren ma'aikatar magajin gari da ƙa'idar Faransanci yake rubutu, kuma da kunne. Hadiza ya saba da ita. Ilham fa? Takardar haihuwa ta ce Ilham, rajistar lakwal ta ce Ilhame, malamin aji ya rubuta Ilam. Ba wanda zai kula sai shekarar BEPC, ranar da za a ce sunayen ba su yi daidai ba, uba ya kama hanyar kotu neman gyara, yarinya tana gida tana jira.